Lasisi Ɗaya, Suna Ɗaya: Gyaran Da Fedora Ta Ɗauko

Duk wanda ke riƙe da wayar Android yana riƙe da Linux, ko ya sani ko bai sani ba, domin a kansa aka gina tsarin wayar. Idan ya shiga saitin wayar ya nemi sashen bayanan shari'a, zai tarar da dogon jerin lasisin manhajojin da aka harhaɗa a cikinta. Masu waɗannan manhajoji sun buɗe lambobinsu ga kowa ya duba, ya gyara, ya raba wa wasu, amma bisa sharuɗɗa. Wani lasisin bai nemi komai ba sai a bar sunan marubuci da takardar izininsa. Wani kuma, irin su GPL, ya wajabta wa wanda ya gyara manhajar ya raba ta da ya fitar da lambobin gyaran nasa. Shi ya sa kowane ƙunshin manhaja yake ɗauke da ɗan layi guda mai faɗin lasisinsa. A kan wannan ɗan layin aka shafe shekaru ana gumi, kuma a ganina gumin bai tafi a banza ba.

Tushen matsalar shi ne kowace ƙungiya ta raɗa wa lasisin nan sunayen da ta ga dama. Fedora, tsarin Linux da kamfanin Red Hat ke ɗaukar nauyinsa, ta daɗe da nata gajerun sunaye, waɗanda ake jingina wa Tom Callaway, mutumin da ya jima yana kula da harkar lasisi a can. Abin da Fedora ke rubutawa "ASL 2.0", wasu suna rubuta shi da wani salo dabam. Mudun wannan kasuwa ba shi ne mudun waccan ba, kuma mai saye a kasuwanni da yawa shi ke shan wahalar lissafi. Don magance haka ne gidauniyar Linux Foundation ta ɗauki nauyin tsarin SPDX, wanda sigarsa ta farko ta fito a 2011. Ya ba kowane lasisi suna guda tabbatacce, kuma a 2021 ya zama ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO/IEC 5962:2021. Masu kula da zuciyar Linux, wato jigon da sauran tsarin ke dogara da shi, sun soma saka waɗannan sunaye a saman fayilolinsu tun 2017. Fedora kuwa ta shiga sahu a 2022, da ƙunshin manhaja sama da dubu ashirin a gabanta.

Mai kallo daga nesa zai ce ai sauya suna ne kawai, a bar wa kwamfuta ta gama cikin dare ɗaya. A wasu wuraren gaskiyarsa ne: "ASL 2.0" ya koma "Apache-2.0", "GPLv2+" ya koma "GPL-2.0-or-later", babu gardama. Sai dai tsohon sunan "BSD" na Fedora ya rufe lasisi fiye da ɗaya, akwai mai sharaɗi biyu, akwai mai uku wanda ya hana a tallata kaya da sunan marubutan. Sunan "MIT" ma haka yake, ya tattara rubuce-rubuce masu kama da juna waɗanda SPDX ta rarrabe. Kwamfuta ba za ta iya zaɓa ba, dole mai kula da ƙunshin ya buɗe lambobin ya karanta abin da marubucin ya rubuta da hannunsa. A nan amfanin aikin yake, domin an tilasta wa mutane sake karanta takardun da aka daɗe ba a leƙa ba. An ci karo da lasisin da ba su cikin jerin SPDX, aka miƙa su aka ƙara.

Kalma ɗaya a wannan layi tana iya sauya hukunci. Manhajar da ke ƙarƙashin "GPL-2.0-only" ta tsaya a siga ta biyu kaɗai, kuma a fahimtar gidauniyar Free Software Foundation ba a gauraya lambobinta da na Apache-2.0. Wadda aka rubuta wa "or-later" kuwa tana da ƙofa, domin mai amfani na iya ɗaukarta a siga ta uku, wadda ta yarda da wannan haɗin. Zuciyar Linux kanta a siga ta biyu kaɗai take. Matashin da ke haɗa manhajar biyan kuɗi a Kano ko Yamai daga ɗakunan karatu na lambobi da ya sauko da su daga intanet, wannan bambancin ya shafe shi kai tsaye, kuma ba shi da lauyan da zai tantance masa.

Masu suka suna da hujjarsu. Akasarin masu kula da ƙunshin Fedora 'yan sa kai ne, kuma suna cewa manyan kamfanoni ne ke buƙatar wannan tsabtar, musamman bayan umarnin shugaban Amurka na watan Mayun 2021 da ya sa aka soma neman jerin kayan da ke cikin manhajar da ake sayar wa gwamnati. Wannan gaskiya ne, kuma ya dace kamfanonin su biya ma'aikatan da za su ɗauki mafi nauyin aikin. Amma babban kamfani yana da kuɗin ɗaukar masu bincike ko da sunayen sun hargitse. Ƙaramin mai sana'a shi ne ya dogara da abin da aka rubuta a layin, don haka gyaran ya fi yi masa amfani.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi. Sabon tsarin Fedora ya daina barin mai kula ya taƙaita lasisin ƙunshi zuwa guda ɗaya da yake ganin ya rinjaya. Yanzu sai ya jera duk waɗanda suka shiga cikin abin da aka raba, a haɗa su da AND ko OR ko WITH, har layin wasu manyan manhajoji ya yi tsawon da ɗan Adam ba ya jin daɗin karantawa. Na yarda an yi asarar sauƙi. Sai dai taƙaitawar nan fatawar shari'a ce da ake ɗora wa mai shirya manhaja, wanda bai karanci shari'a ba, kuma idan ya kuskure duk wanda ya dogara da shi ya kuskure. Dogon layi ana iya ba kwamfuta ta tace shi, ta fito da duk ƙunshin da ke ɗauke da sharaɗin da mutum yake gudu. Masu yaren kwamfuta na Rust da ma'ajiyar npm sun riga sun bi salon SPDX, kuma masu yaren Python sun amince da shi a 2024 ta hanyar shawarar PEP 639.