Shin Ko Kun San? Ruwa Ma Yana da Asali

Shin ko kun san cewa ruwa tsantsa salam yake? Garɗin da harshe ke ji na abin da ruwan ya kwaso ne a hanya: gishiri, kanwa, farar ƙasa, ƙarfe, iska. Shi ya sa rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya, wannan a sha, waccan sai wanki.

Shin ko kun san zartsi yana da ma'auni? Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa ruwan da narkakkun ma'adinansa ba su kai miligiram 600 a lita ba yakan yi daɗin sha, in kuwa sun haura 1,000 sai baki ya fara ƙinsa. Mutanen ƙasar Manga da gefen Tabkin Chadi, inda kanwa ke tsattsafowa daga ƙasa, ba su jira awo ba, tun kaka da kakanni sun san rijiyar mutane sun san ta raƙuma.

Ruwan da sabulu ke ƙin kumfa a cikinsa kuwa ya ratsa farar ƙasa ne, ya ɗebo kalshiyam. Shi ke barin farin ɓawo a gindin butar shayi.

Burtsatse fa? In ruwansa ya fito garau, ya kwana a bokiti ya wayi gari ja-ja, ƙarfe ne ya haɗu da iska ya yi tsatsa. Miligiram 0.3 a lita ya isa ya ɓata farar riga. Warin ruɓaɓɓen ƙwai kuma iskar farar wuta ce.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne ƙamshin ƙasa. Shin ko kun san ƙamshin nan na ruwan farko, da kowa ke buɗe hanci ya shaƙa, shi ne dai warin da ake ƙorafi a kai in ruwan dam ya yi gansakuka? Sinadari ɗaya ne, jiyosmin, wasu ƙwayoyin halitta ke fitar da shi a ƙasa da cikin ruwa. Cokalin shayi guda a lita miliyan 500, hancin ɗan Adam zai iya kamo shi. A tsakar gida ni'ima, a moɗa abin yatsina fuska!

Ruwan famfo, irin wanda ake tacewa a Tamburawa a Kano ko Gudel a Yamai, na kogi ne, kuma "warin magani" da ake faɗa na kulorin ne mai kashe ƙwayoyin cuta. Ya kwana a randa, yawancinsa ya fice. A ganina rabin yabon da ake yi wa randa na sanyinta ne: tana zufa, zufar na bushewa, ruwan na hucewa. Jarkar mai ga-ruwa da ta wuni a rana kuwa sai ta ba shi warin roba.

Shin ko kun san akwai abin da harshe ba ya kamawa? A Tibiri ta jihar Maraɗi, a shekarun 1980 da 1990, jama'a sun sha ruwan wata burtsatse garai-garai mai ɗauke da fuloraid fiye da ninki uku na miligiram 1.5 a lita da aka ƙayyade. Ba a farga ba sai da haƙoran yara suka rine, ƙafafun ɗaruruwansu suka lanƙwashe.