Kalmar "Mura" da Ƙwayar Cutar RSV

Bahaushe kan kira duk ciwon da ke kawo atishawa da majina "mura", ya kuma danganta shi da sanyi. Sai dai kalmar ta ƙunshi cututtuka daban-daban, ciki har da wadda ƙwayar RSV ke haddasawa. An gano ƙwayar a 1956. Kusan kowane yaro kan kamu da ita kafin ya cika shekara 2, kuma a yawancin biranen ƙasashe masu zafi ta fi yaɗuwa da damina. Ga jarirai takan sauka huhu ta sarƙe numfashi. Wanke hannu da shayar da nono kan rage haɗarinta. Saboda haka, wajibi ne mai fassara saƙon lafiya ya bambanta wannan da murar yau da kullum, domin uwa ta garzaya asibiti da wuri.