Cizon Mage Ba Abin Rainawa Ba Ne

A Bracodi da sauran unguwannin Adjamé a Abidjan, mage 'yar gida ce. Mai shagon shinkafa na ajiye ta saboda ɓera, yara na wasa da ita a tsakar gida. Shi ya sa idan ta yi cizo, hankalin kowa ba ya tashi. "Ai ɗan huji ne, ko jini bai fita ba." A shafa toka ko man kaɗe, a ci gaba da harka.

Ƙanƙantar hujin nan ita ce haɗarin. Kare yaga nama yake yi, ciwon a buɗe, ruwa na kaiwa ciki. Haƙorin mage kuwa siriri ne mai tsini kamar allura. Yakan nutsa har ya taɓa jijiya ko gaɓa, sannan fata ta rufe bakin ramin, ƙwayoyin cuta na ciki. Mafi shahara a cikinsu ita ce Pasteurella multocida, wadda yawancin maguna ke ɗauke da ita a baki ko da lafiyarsu lau. Ba ta ɓata lokaci: cikin awa 12 zuwa 24 wurin zai yi ja, ya kumbura, ya riƙa zogi. Daga nan sai mugunya, kaluluwa a hammata, da zazzaɓi.

Cizon hannu ya fi muni, don jijiyoyi da gaɓoɓin yatsu suna dab da fata. Wani bincike da asibitin Mayo na Amurka ya fitar a 2014 ya duba mutum 193 da mage ta ciza a hannu. Kusan ɗaya cikin uku sai da aka kwantar da su, da yawansu har da tiyata. Tela ko mahauci da yatsansa ya sage ya san asarar da ake nufi.

Matakin farko a gida yake: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, musamman masu ciwon suga da tsofaffi. Likita yakan rubuta Augmentin, ya kuma duba ko ana bukatar allurar sarƙewar haƙora. Abin da ke damuna shi ne mai tsallake likita ya nufi kasuwar Roxy ya sayo ƙwaya a tire. Ba kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta ke cin Pasteurella ba, balle wanda ya yini a rana.

Sai babbar magana, ciwon haukan kare. Sunan na ruɗin mutane, don mage ma tana ɗauka, tana kuma yaɗa shi ta cizo ko yaƙushi. Cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara, kuma da zarar alamunta sun bayyana, da wuya ƙwarai a tashi. Rigakafin kafin nan yake aiki. A Abidjan, cibiyar wannan allura tana hukumar lafiyar jama'a ta INHP a Treichville, tsallaken gada daga Plateau. Allurar ba ɗaya ba ce, dole a koma a cika ta a ranakun da aka rubuta.

Kada a kashe magen ko a kore ta. A tsare ta, a sa mata ido, domin ma'aikatan za su tambayi ta wane ce, ko an yi mata rigakafi, da ko halinta ya canza kwanan nan.