Ƙwaya ɗaya, hanta daban-daban: yadda ake gwada saurin sarrafa maganin tarin fuka

Duk wanda aka tabbatar yana da tarin fuka a Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata, ko a wata cibiyar DOTS a cikin birnin Kano, sai an ɗora shi a sikeli kafin a ba shi magani. Nauyinsa ne ke nuna ƙwaya nawa zai riƙa sha kullum har wata 6. To amma mutum biyu masu nauyi ɗaya za su iya shan ƙwaya iri ɗaya da safe, zuwa azahar jinin ɗaya na nan da magani sosai, na ɗayan kuwa saura ɗan kaɗan.

Maganin da ake magana a kai shi ne isoniazid, ɗaya daga cikin guda huɗu da ke cikin ƙwayar watanni biyun farko. Tun 1952 ake amfani da shi. Hanta ce ke kashe ƙarfinsa ta hanyar wani sinadari mai suna NAT2, kuma saurin aikin sinadarin gado ne daga iyaye. A jikin mai saurin sarrafawa, rabin maganin kan bar jini cikin kimanin awa 1. A jikin mai jinkiri, abin kan kai awa 3.

Ya ake gane wane ne wane? Tsohuwar hanya ita ce a ba mutum maganin, a jira wasu awanni, a ɗibi jini ko fitsari a auna abin da ya rage da wanda hanta ta riga ta sarrafa. Da irin wannan awon ne Evans da abokan aikinsa suka nuna a 1960 cewa abin na bin dangi. Yanzu ana duba ƙwayar halittar NAT2 ɗin kai-tsaye daga jini.

Mai jinkiri ya fi fuskantar illa: ƙafafu su yi ta zugi kamar ana tsira allura, ko hanta ta taɓu, ido ya yi ɗorawa kamar mai shawara. Na farkon bitamin B6 na kare shi. Na biyun kuwa, a koma asibiti ranar, ba wai a ajiye magani a yi shiru ba. Mai sauri kuma matsalarsa maganin na iya yi masa kaɗan.

Wani gwaji da aka wallafa daga Japan a 2013 ya rage wa masu jinkiri adadin isoniazid, ya ƙara wa masu sauri, kuma ciwon hanta ya ragu sosai. Sai dai a Japan masu jinkiri 'yan tsiraru ne, a Masar kuwa su ne mafi rinjaye, don haka a ganina sai an auna mutanenmu tukuna. Akwai kuma cikas: a nan magungunan huɗu a dunƙule suke cikin ƙwaya guda, ba a iya rage isoniazid shi kaɗai sai an raba su.