Haƙƙin Sabon Ma'aikaci A Lokacin Gwaji

Ko wace shekara makarantun horon malamai suna yaye samari da 'yan mata, waɗansu a tura su Bebeji ko Kiru, waɗansu Tudun Wada, waɗansu kuwa can Doguwa, bayan an ƙetare dajin Falgore. Takardar ɗaukar aikin da ake ba ko wannensu takan ce an ɗauke shi bisa gwaji. Mu da muke horon waɗannan yara mun lura da yawansu suna tsammanin mai gwaji ba shi da bakin magana, sai abin da aka ga dama aka yi da shi. To, ba haka abin yake ba. Rashin sani ya fi dare duhu, saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana yadda doka ta tsara.

Da fari sai mu san amfanin gwajin. Mai ɗaukar aiki ba ya iya sanin halin mutum daga takardar shaida kaɗai, sai ya gan shi a bakin aiki, ya ga zuwansa da tashinsa da yadda yake riƙon amana. A shekarar 1990, cikin wata shari'a da ta shafi Jami'ar Jos, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta nuna cewa mai aiki yana da ikon sallamar wanda yake gwaji idan bai gamsu da shi ba, muddin ya bi sharuɗɗan da suka ƙulla. Watau ikon yana nan, amma a ɗaure yake da abin da aka rubuta.

Ma'aikata a wannan yanki kashi biyu ne. Akwai na gwamnati, kamar malaman firamare da ma'aikatan asibiti. Akwai kuma masu aiki a hannun 'yan kasuwa, kamar yaran da ke injin casar shinkafa a Tudun Wada, ko gidan mai a Kwanar Ɗangora, ko akawun kanti a Bebeji.

Ma'aikacin gwamnati, ƙa'idar da aka saba ita ce ya yi shekara 2 yana gwaji. In shugabanninsa sun rubuta rahoto mai kyau a kansa, ya kuma ci jarrabawar da aka ɗora wa irin muƙaminsa, sai a ba shi takardar tabbatarwa. Wannan takarda ba ƙaramin abu ba ce, gama sai da ita ake duba mutum don ƙarin girma, yawanci kuma sai da ita ake ba da hutun ƙaro ilmi. Malamin da ya kai shekara 4 ba ta zo ba, abokan karatunsa sun wuce shi ke nan, alhali kuwa alli ɗaya suke riƙewa.

Masu aikin ƙarfi da akawuna kuwa, Dokar Ƙwadago ta 1974 ce garkuwarsu, ba ta kuwa ware mai gwaji daban ba. Ta ce kafin wata 3 su wuce da fara aiki, lalle a ba ma'aikaci takarda mai nuna irin aikinsa da ladansa da yadda za a rabu. Ta ce kada a bar biyan lada ya wuce wata guda. Ta kuma ƙayyade notis: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa 5, sa'an nan wata 1 daga shekara 5 zuwa sama. In ba a ba da notis ba, sai a biya kuɗinsa. Malamin makarantar kuɗi da sauran masu sana'ar ilmi, su takardar yarjejeniyarsu ce madogara, don haka su karanta ta tun ba su sa hannu ba.

Gwaji ba ya halatta ƙwarar lada. Dokar 2024 ta sa mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a wata a wurin da ma'aikata suka kai 25, Gwamnatin Jihar Kano kuma ta yanka wa nata ma'aikatan Naira 71,000 a shekarar 2024. Haka kuma dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Injin da ya kama hannun yaro ba ya tambayar ko an tabbatar da shi, dokar ma ba ta tambaya ba.

Saura babbar magana, watau gwajin da ba ya ƙarewa. Wa'adi ya cika, ba a ce tafi ba, ba a ce zauna ba, mutum yana ta aiki yana karɓar albashi. A shekarar 1991 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta duba irin wannan cikin shari'ar Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, ta yanke cewa wanda aka bari ya ci gaba da aiki bayan wa'adin gwajinsa, ana kuma biyansa, to a ɗauka an tabbatar da shi. Wannan hukunci kariya ce babba. Amma shari'a tana cin kuɗi da lokaci, malamin da ke Riruwai kuwa ba ko yaushe yake da kuɗin motar zuwa Kano ba, balle na lauya.

Saboda haka riga-kafi ya fi magani. Muna ba ko wane sabon ma'aikaci shawara ya adana takardar ɗaukarsa da ta kama aiki, ya rubuta ranar da ya fara, ya riƙa ƙidayar watanni. In saura wata 3 wa'adi ya cika, ya rubuta takardar tuni cikin ladabi, ta bi ta hannun hedimasta zuwa ga Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma, ya ajiye kofe. In shiru ya yi yawa, ya je wa Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya, wadda take tsaya wa malamai tun 1931. In duk wannan bai yi ba, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ikon sauraron rigingimun aiki, tana kuwa da zama a Kano.

Ku kuma hedimastoci da masu gidajen aiki, nauyi yana wuyanku. In yaro yana da aibi, a gaya masa da wuri, a rubuce, don ya sami damar gyarawa. In kuwa ya yi abin kirki, a rubuta rahotonsa a kan kari, kada fayil ɗinsa ya kwana cikin ƙura. Ƙauyukan da suke nesa da birni su suka fi wahalar samun malami, wanda ya yarda ya zauna cikinsu kuwa bai cancanci a manta da shi ba.