Bindiga a hannun soja, ruwan sha a hannun ɗan kwangila

Matashin da ya tashi daga Rurum Sabon Gari ko Kibiya ya sa kaki, duk ranar da aka tura bataliyarsu ƙasar waje, bindiga ce kawai za a ce tana hannunsa. Ruwan sha, tantin kwana, man motar sintiri, har jirgin da zai ɗauke shi in ya ji rauni, sau da yawa suna hannun ɗan kwangila, mutumin da ba ya sara wa kowa.

Sojojinmu sun ɗanɗana wannan a Darfur, ƙasar da kakanninmu suka riƙa ratsawa a ƙafa zuwa Makka. A 2004 Tarayyar Afirka ta tura runduna can, Ruwanda da Najeriya suka fara ba da dakaru, har adadin ya kai kusan 7,000 a yankin da girmansa ya doshi na Faransa. Aljihun Tarayyar babu nauyi, sai kowa ya kawo gudummawa yadda ya ga dama. Amurka ta ɗauki kamfanin PAE ya gina sansanoni ya kuma kula da su. Kanada ta biya kuɗin hayar jirage masu saukar ungulu, ta ara wa rundunar motoci masu sulke 105. Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin alawus, wanda yakan yi watanni bai iso ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. Soja umarnin kwamanda yake bi, shi kuwa ɗan kwangila takardar yarjejeniya yake dubawa, wadda aka sa wa hannu a wani ofishi nesa da ƙurar Darfur. Jiragen na farar hula ne, babu makami a jikinsu, kuma matuƙin haya ba a tilasta masa ya kutsa inda ake ɓarin wuta. Kwamanda ya tsara sintiri, amma tafiyar tana jiran mai da jirgin da ba shi ke biyan kuɗinsu ba.

Ranar 29 ga Satumba 2007, cikin watan azumi, 'yan tawaye suka afka wa sansanin rundunar da ke Haskanita, dakaru 12 suka rasu, akasarinsu 'yan Najeriya. Janar Martin Luther Agwai bai daɗe da karɓar ragamar rundunar ba. Ba ɗan kwangila ne ya kashe dakarun ba, wannan gaskiya ne. Sai dai a ganina, kafa sansani a lungu irin wannan ba tare da kwamanda na da jirgin da zai iya tayarwa cikin dare ba, ganganci ne tun daga kan takarda.

Kano ma ta taɓa ganin irin wannan. A 1941 aka bai wa kamfanin Pan American aikin jigila a hanyar sama da ta taso daga gaɓar Gana, ta biyo Kano da Maiduguri zuwa Khartum da Alƙahira. Da Amurka ta tsunduma cikin Yaƙin Duniya na Biyu, ba ta jure raba ragama da kamfani ba. Kafin ƙarshen 1942 rundunar sojanta ta karɓe aikin, ma'aikata da yawa da suka zauna aka sa musu kaki.