Wa Ke Ƙirga Shamuwa a Sundimina?

A Sundimina, kamar sauran garuruwan ƙasar Birnin Kudu, manomi ba ya jiran rediyo ya gaya masa damina ta matso. In bazara ta kai intaha, iska ta juyo daga kudu, sai a wayi gari a ga baƙar tsuntsuwa mai farin tumbi tsaye a kan kuka ko tsamiyar tsakiyar gari, tana jan kirare za ta yi sheƙa. Shamuwa ta sauka ke nan. Daga ranar ake matsa kai taki gona, a duba iri, a kai garma maƙera. Yaron da ya ɗaga mata danƙo kuwa ya san abin da zai tarar a gida.

Wannan sani kowa yana da shi. To amma wace rana ta sauka bara? Bara waccan fa? Sheƙa nawa aka yi a garin? Na taɓa yi wa wani dattijo wannan tambaya muna zaune a gindin darbejiya. Na ce, "Baba, da da yanzu, yaushe ta fi yawa?" Ya ce, "Haba ɗana, ai da ba a magana." Na ce kamar nawa? Sai ya yi dariya har ya dafa ƙasa, ya ce, "Kai kuwa wa ke ƙirga shamuwa?"

Akwai masu ƙirga ta, kuma ta hanyarsu aka san inda take tafiya in ta bar mu. Da kaka ta yi, wajen watan Oktoba, takan nausa gabas ta karkata kudu, ta bi damina har Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, inda ruwa ke sauka lokacin da mu muke cikin hunturu. Fara da tsutsa take bi, shi ya sa manomi can da nan yake maraba da ita. Turawa ma sun daɗe cikin duhu game da irin wannan tafiya. Har akwai masanansu da suka rubuta cewa tsattsewa cikin taɓo take shigewa in sanyi ya zo. Sai a 1822 aka harbo wata farar 'yar'uwar shamuwa a kusa da garin Klütz na Jamus, da mashin Afirka soke a wuyanta. Ta sha mashi a nan nahiyar, ta tashi da shi har Turai. Tana nan ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 wani malamin makaranta a Denmak, Hans Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, don in an tsinci tsuntsun a wata ƙasa a san daga ina ya fito. A lura, malamin makaranta ne mai sha'awa kawai, kuma yawancin abin da duniya ta sani game da ƙaurar tsuntsaye daga hannun irinsa ya taru.

Ƙasarmu ba ta rasa rabonta a wannan rubutu ba, sai dai baƙi ne suka fara. A 1964 aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Najeriya, wadda daga baya ta faɗaɗa ta zama ta Afirka ta Yamma, da mujallarta mai suna Malimbus. A cikinta ne a 1981 Sharland da Wilkinson suka fitar da jerin tsuntsayen Jihar Kano. Lokacin ba a yanki Jigawa ba, sai 1991, saboda haka Birnin Kudu da Gwaram suna cikin ƙasar da jerin ya shafa. Yau fiye da shekara 40 ke nan. Daji nawa ya koma gona tun daga lokacin, kowa shaida ne.

In ana maganar kallon tsuntsaye a Jigawa, hankali yakan tafi arewa maso gabas, kuma da dalili. Fadamun Hadeja da Nguru suna cikin mafi muhimmanci a duk Sahel. An ga nau'in tsuntsaye sama da 370 a wurin, daga cikin sama da 900 da aka sani a Najeriya. Dinya da kirinjijiya da zalɓe suna cakuɗa da agwagin da suka tsallako Sahara daga Turai da Rasha. Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona da ke cikin fadamun a 1989, an kuma sa Baturiya cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Duk Janairu akan je a yi ƙidaya. Madalla. Sai dai wanda ya ɗauka dole sai ya je Baturiya kafin ya ga tsuntsu, ya raina bayan gidansu.

Kudancin Jigawa ya fi arewacinta samun ruwa, itatuwansa sun fi kauri, ga duwatsu, ga Kogin Bunga da ya gangaro daga tsaunukan Jos ya ratsa ƙasar Gwaram kafin ya zama Kogin Jama'are. Kowane irin wuri da tsuntsayensa. A duwatsun Birnin Kudu za ka ji kazar dutse da asuba kafin ka gan ta. A can ne mutanen zamanin da suka bar zanen shanu a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, zanen da masana suka fara rubutu a kansa a shekarun 1950. Su dai sun ga abu sun ajiye shaida. A kan giginya akwai 'yar siririyar tsattsewa mai liƙa sheƙarta da yawu a bayan ganye, har ƙwan ma liƙa shi take yi don kada iska ta kayar. Cilakowa kuwa, matar takan shiga kogon itace ta toshe ƙofar, ta bar 'yar tsaga, mijin ya yi ta kawo abinci har a ƙyanƙyashe. Da rani, in ka bi garken Fulani a fadama, ban da balbela da carki za ka ga wata 'yar tsuntsuwa mai rawayan ciki tana kaɗa wutsiya a tsakanin kofatai. Nauyinta bai wuce giram 20 ba, amma daga Turai ta zo, kuma kafin shamuwa ta zauna sosai ita ta koma.

Abin da ya fi ɗaure mini kai tun da na shiga wannan harka shi ne yawan ilimin da ke kwance cikin harshenmu. Wanda ya raɗa wa ragon maza suna ya zauna ya kalli yadda yake jan jiki cikin ƙirya ba ya son tashi. Maharbin da ya ɗaura kan burtu a goshi yana rarrafe ya san tafiyar burtu fiye da mai digiri. Kirarin hankaka ma, mai da ɗan wani naka, ba banza ba ne: akwai wata tsuntsuwa mai wayo da ke saka ƙwanta cikin sheƙar hankaka, ya yi ta ciyar da ɗan da ba nasa ba. Kakanninmu sun ga hakan da idonsu, kuskurensu ɗaya shi ne sun ɗora laifin a kan wanda aka cuta. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike yake da sunayen tsuntsaye da yau ɗan sakandare bai taɓa ji ba. A wurinsa duk ƙaramin tsuntsu gwara ne, duk babba shaho.

Farawa ba ta da wuya. Littafin rubutu da biro sun isa, sai fita bayan sallar asuba, lokacin da tsuntsaye suka fi motsi da kuka. Ka sa tufa marar haske, ka ba rana baya, ka rage surutu. Ka rubuta kwanan wata da wuri da abin da ka gani: girmansa in an gwada da kurciya, siffar baki, launin ƙafa, yadda yake tashi, a kan wane itace. Wanda ba ka gane ba ka rubuta ba ka gane ba. Cika littafi da zato shi ne babban abin kunya a wannan fage. Madubin hangen nesa yana taimakawa, in da hali a sami littafin Borrow da Demey na tsuntsayen Afirka ta Yamma, amma kada rashinsu ya hana ka. Shawara ɗaya da ba ta cikin littattafan Turawa: a wannan zamani na rashin tsaro, kada ka ratsa gonakin mutane da madubi a wuya ba ka gaida mai unguwa ba. Ka yi sallama, ka faɗi abin da ya kawo ka. Sau da yawa ma za a haɗa ka da yaro ko tsohon maharbi da zai nuna maka abin da da ka wuce.

Rubutun kuma yanzu yana da inda za a kai shi. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos, wadda aka kafa a 2001 tare da Jami'ar Jos, ta ƙaddamar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi. Mai sa kai zai shiga gida ɗaya, ya yi aƙalla awa 2 yana lissafa duk nau'in da ya gani, ta manhajar BirdLasser a wayarsa, ya tura. Matasan Arewa suna da tawagarsu a cikin aikin, akwai kuma malamai da ɗalibai daga Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda ba ta da nisa da mu.

Na san abin da manomi zai ce, domin an faɗa mini a fuska: "Malam, mu jan baki ya hana mu barci, kai kana yawon kallo." Gaskiyarsa. Wanda ya wuni a bakin gonar gero yana kaɗa gwangwani ba ya son jin waƙar yabon tsuntsu. Amma jirgin feshi ba ya amfani sai an san inda jan baki ke kwana da inda yake sheƙa, kuma mai kallo ne ke sanin wannan. Shi ne kuma zai faɗa in feshin ya haɗa da waɗanda ba su ci gero ba.

Maganar ungulu ta fi wannan nauyi. Duk wanda ya haura shekara 40 ya san yadda take cika kwata da rufin rumfunan kasuwa. Ina take yau? A 2015 hukumar kiyaye halittu ta duniya ta sa irin ungulun garuruwanmu cikin jerin masu gab da ƙarewa. Guba da ake zubawa a mushe, da farautar kanta da ƙwanta don tsubbu, da sare dogayen itatuwa, su suka cinye ta. A Indiya wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'in ungulu a shekarun 1990. Mushe ya taru, karnukan sake suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, kafin a hana amfani da maganin ga dabbobi a 2006. Su sun gane ne don akwai masu ƙirge. Mu tamu ta zare jiki a gabanmu, babu mai iya cewa ga shekarar da ya yi mata ganin ƙarshe a kasuwar garinsu. Gauraka ma, da ake kira tsuntsun ƙasa a Najeriya, yanzu ya fi sauƙin gani a tsakar gidan masu hali, an fige masa fiffike, fiye da a fadama.

Saboda haka ina kira ga malaman firamare da na sakandare a Sundimina da Birnin Kudu da Gwaram, da limamai da masu unguwannin da shamuwa ke sheƙa a ƙofar gidajensu. A ware littafi guda a ajiye a ofishin shugaban makaranta. In Afrilu ya kama a sa yara su zuba ido, ranar da ta sauka a rubuta, a ƙirga sheƙa itace-itace, a rubuta ranar ruwan shuka a gefe, ranar da ta tashi ma a rubuta. Duk wanda ya ga ungulu, ko guda ɗaya ce, ya zo a sa a littafin da sunan wurin.